Wa Ke Duba Rahoton Gwamnati Kan Muradun 2030?

Duk watan Yuli, ministoci da manyan jami'an gwamnatoci kan hallara a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York, kowa riƙe da kundin ƙasarsa. Abin da ke kai su shi ne bayyana wa duniya inda aka kwana kan muradun ci gaba mai ɗorewa, wato alƙawura 17 da ƙasashe 193 suka amince da su a watan Satumban 2015 da niyyar cika su kafin ƙarshen 2030. A cikinsu akwai kawar da matsanancin talauci da yunwa, rage mutuwar mata wajen haihuwa, sanya kowane yaro a makaranta, da samar wa kowa tsaftataccen ruwan sha. Kowace ƙasa kan samu 'yan mintuna ta yi bayani, a yi mata tambayoyi kaɗan, ta sauka wata ta hau. Najeriya ta gabatar da nata sau uku, a 2017 da 2020 da 2025. Nijar ta fara a 2018, Ghana kuma a 2019.

Mutumin Gwadabawa ko na Tasawa da aka ɗauki waɗannan alƙawura da sunansa yana da haƙƙin ya tambaya: alƙaluman da ake karantawa a can daga ina suka fito, wa ya tantance su, kuma shin garinsa na cikin lissafin?

Ƙarƙashin muradun 17 akwai ƙudurori 169, sannan akwai ma'aunai sama da 230 da ake gane ci gaba ko koma baya da su. Bayanai kuma ta hanya biyu suke tafiya. Ta farko ita ce ta alƙaluma zalla. Hukumar ƙididdigar kowace ƙasa da ma'aikatunta kan miƙa abin da suka tattara ga hukumomin duniya da aka ɗora wa kula da kowane ma'auni, irin su Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya, su kuma su daidaita alƙaluman yadda za a iya kwatanta wata ƙasa da wata. Daga nan ne rahoton shekara-shekara na Majalisar ke fitowa, irin na 2024 da ya ce kashi 17 cikin 100 kacal na ƙudurorin ne ke kan turbar cika a kan lokaci. Hanya ta biyu ita ce wancan kundi da ake kaiwa New York, wanda gwamnati ke rubutawa da kanta game da kanta. Na ganin dama ne. Babu tara, babu takunkumi, babu kotun da za a kai ƙasar da ta ƙi kawowa ko ta kawo na ƙawa. Amurka, wadda a ƙasarta ake taron, ba ta taɓa gabatar da nata ba.

Ba don sakaci aka tsara shi haka ba. Da an ce za a hukunta wanda ya gaza, da ƙasashe da yawa ba su sa hannu ba tun farko. Kuma ko a hakan yana da amfaninsa, wanda masu suka kan manta. Shirya kundin kan tilasta wa ma'aikatun da ba sa ga-maciji su zauna teburi ɗaya, kuma a nan ne gwamnati kan gano cewa akwai ma'aunai da dama da ba ta da ko alƙalami ɗaya a kansu. Najeriya ta ma wuce nan: tare da UNICEF ta sa masana masu zaman kansu sun yi bitar aikinta kan muradin lafiya da na ilimi, abin da ƙasashe kaɗan suka yarda suka yi. Wannan abin a yaba ne.

Sai dai aibin tsarin a fili yake. Mai sayar da hatsi ne ke awo, da mudun da shi ya kawo, mai saye kuma ba ya kasuwar. Gwamnati ke zaɓen muradun da za ta yi magana a kansu. Kundin Najeriya na 2020 ya mayar da hankali kan bakwai ne cikin 17. Ita ke zaɓen misalan da za ta kawo, ita ke zaɓen shekarar da za ta fara kwatance daga kanta. Ba sai an yi ƙarya ba. Ya isa a cika shafuka da sunayen shirye-shiryen da aka ƙaddamar da kwamitocin da aka kafa da kuɗin da aka ware, a taƙaita magana kan abin da ya sauya a rayuwar mutane. Ware kuɗi daban, sakin su daban, gina aji daban, yaro ya iya karatu kuma daban. Kundi da yawa kan tsaya ne a matakin farko da na uku.

Wanda ke son ganin yadda alƙalami kan lalace tun daga tushe, ya dubi abin da ya faru da allurar rigakafin yara a Najeriya. Akwai alƙaluman ofis, waɗanda ma'aikacin asibitin karkara ke cikewa a rajista duk wata ya tura ƙaramar hukuma, ita ta tura jiha, jiha ta tura Abuja. Shekara da shekaru waɗannan alƙaluma na nuna cewa kusan duk yaran ƙasar sun samu zagaye na uku na allurar da ke kare su daga cututtuka biyar, a wasu wuraren ma lissafin ya haura kashi 100 cikin 100. Sai aka yi binciken gida-gida a 2016 zuwa 2017, aka ƙwanƙwasa ƙofofi, aka duba katin yara, aka tambayi iyaye mata. Sakamakon ya nuna kashi 33 ne. A Jihar Sakkwato kashi 3. Wannan ne ya sa Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafi a 2017.

Yaya aka yi tazarar ta kai haka? Ba lallai ma'aikaciyar asibitin ta kasance muguwa ba. An ba ta adadin yaran da dole ta yi wa allura, adadin da aka ƙiyasta daga tsohuwar ƙidaya. Idan ta rubuta gaskiya, ta ce firijin ya lalace ko ba a ba ta kuɗin man babur na shiga ƙauyuka ba, ita za a kira a tsare da tambaya. Idan ta cike gurbin da adadin da ake son gani, babu mai ce mata uffan. Na samanta ma haka yake ji game da na samansa. A tsarin da ake hukunta mai kawo labari mara daɗi, kowa zai koyi kawo mai daɗi, kuma yaran da ba a yi wa allurar ba sai ƙyanda ko maƙarau ta fallasa su. Abin da ya gyara lamarin zuwa wani mataki shi ne da hukumar ta fara gaya wa ma'aikata cewa gaskiyar adadi take so komai ƙanƙantarsa, ta kuma riƙa aika masu bincike su gwada abin da ke takarda da abin da ke gidaje.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi, wato rashin sanin yawan jama'ar kanta. Kusan kowane ma'auni kaso ne na wani adadi: yara nawa cikin dubu, mata nawa cikin dubu ɗari. Najeriya ba ta sake ƙidaya ba tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Nijar ta yi tata a 2012, Ghana kuwa ta sake a 2021. Duk adadin da ake bai wa ƙaramar hukuma a Najeriya yau hasashe ne da aka ɗora kan lissafin 2006, kafin rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga su tayar da garuruwa su cika wasu. Rajistar haihuwa da za ta cike giɓin ba ta wadata ba: wani bincike na 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke da ita. Rajistar mutuwa ta fi haka rauni nesa ba kusa ba. A yawancin garuruwanmu, mace kan rasu wajen haihuwa da asuba, a yi mata sutura kafin azahar, ba tare da sunanta ya shiga kowane littafin gwamnati ba.

Shi ya sa ake samun alƙaluma biyu kan abu ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce mata 512 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce 1,047. Burin da aka sa wa duniya shi ne ƙasa da 70. Haka batun yaran da ba sa zuwa makaranta: an daɗe ana ambaton miliyan 10.5, sai UNESCO ta ce kimanin miliyan 20 a 2022, saboda ta haɗa da 'yan shekarun sakandare. Kowane adadi na da hujjarsa, amma mai rubuta kundi na da damar ɗaukar wanda ya fi yi masa sauƙi, mai karatu kuma ba ya sanin an yi zaɓi.

Wani lokacin ma'aunin kansa ake sauyawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020. A 2023 ta koma wata hanyar lissafi, wadda ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya koma kashi 4.1. Hukumar ba ta yi maguɗi ba, ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bi, kuma ta bayyana hakan ƙarara. Amma babu matashin da ya samu aiki saboda wannan sauyi, kuma duk rahoton da ya jera adadin biyu ba tare da bayani ba ya yaudari mai karatunsa.

Ko da alƙalamin ƙasa ya inganta, matsakaicin lissafi kan ɓoye abin da ya fi muhimmanci. A 2018, yara 132 cikin kowane 1,000 ke mutuwa a Najeriya kafin su kai shekara biyar. A Jihar Ogun 30 ne, a Kebbi 252. Rahoton talauci ta fuskoki da dama da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a Nuwamban 2022 ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, na cikin talauci, amma a Ondo kashi 27 ne, a Sakkwato kashi 91. Ƙasa ɗaya ce da tuta ɗaya, kuma adadi ɗaya ake kaiwa New York. Babban taken muradun shi ne kada a bar kowa a baya, alhali wanda aka fi bari a baya shi ne wanda mai bincike ba ya iya kaiwa gare shi. Binciken 2018 ya tsallake wasu ƙananan hukumomin Borno saboda rashin tsaro. Kafin nan, Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga cutar shan inna ba, har an fara murna, sai a watan Agustan 2016 aka gano ta a jikin yara daga Gwoza da Jere. Gwajin ƙwayar cutar ya nuna ta yi shekaru tana yawo a yankunan da ma'aikata ba sa shiga. Duk wanda ya ga shafi babu komai game da dazukan Zamfara ko iyakar Tillaberi a yau, ya tuna da wannan.

Daga nan ne maganar ƙananan hukumomi ke shigowa. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cewa aƙalla 105 daga cikin ƙudurori 169 ba za su cika ba sai da hannun hukumomin jihohi da na garuruwa, domin ruwa da shara da firamare da asibitin sha-ka-tafi a hannunsu suke. A 2018 birnin New York da wasu garuruwa uku na Japan, wato Kitakyushu da Toyama da Shimokawa, suka fara fitar da nasu rahoton ba tare da jiran gwamnatin ƙasa ba. Helsinki da Buenos Aires suka biyo baya, a Afirka kuma Accra da Yawunde da Harare na cikin na farko. A Najeriya, Jihar Kaduna ta riga kowa: a 2017 ta fitar da rahotonta kan muradun, bisa alƙaluman da hukumar ƙididdigar jihar ta tattara.

Amma rahoton birni ma kan iya zama na ado, musamman idan wata ƙungiyar waje ce ta biya ƙwararre ya rubuta shi da Turanci don a kai taro. Abin da ya fi tasiri, a ganina, shi ne inda aka jera hukumomi gefe da gefe kowa ya ga matsayinsa. Tun 2018 gwamnatin Indiya ke fitar da jadawalin jihohinta kan muradun, yawanci Kerala na sama, Bihar na ƙasa, jaridu kuma su yi ta tambayar gwamnoni dalili. A Ghana tun 2014 ake fitar da jadawalin gundumomi, wanda UNICEF da cibiyar CDD suka fara, ana auna su kan ilimi da lafiya da ruwa da tsafta. Shugaban gundumar da ya ga maƙwabciyarsa ta ba shi rata ba ya buƙatar wani daga New York ya tsawata masa. Kunyar maƙwabci ta fi ta baƙo zafi.

Mu fa? Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai na da 44. Kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa, kwashe shara da kula da kasuwanni cikin ayyukansu, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Amma binciken ƙasa mafi yawa a matakin jiha yake tsayawa, wanda ya fi sauka ƙasa, irin na talaucin 2022, ya tsaya ne a mazaɓun sanatoci 109. Ciyaman ba shi da adadin da zai auna kansa da shi, kuma shekaru da dama ba shi da ikon kuɗin da zai yi aikin, domin kason ƙananan hukumomi na bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai-tsaye, ta kuma haramta bai wa kantomomin riƙo kuɗin. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. A Nijar kuwa, gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 ta naɗa jami'an riƙo a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Wanda aka naɗa daga sama, sama yake kai wa rahoto.

Abin takaicin shi ne an taɓa gwada hanya mai kyau a nan gida. Bayan yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18 a 2005, an ware kuɗin da aka samu sauƙinsu don muradun ƙarni, waɗanda suka gabaci na yanzu, ƙarƙashin ofishin da Amina Mohammed ta jagoranta, wadda daga baya ta zama mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. An fito da tallafi mai sharaɗi ga jihohi a 2007, aka faɗaɗa shi zuwa ƙananan hukumomi 113 a 2011, har aka bi makarantu da asibitoci da rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya ana rubuta halin da suke ciki kafin a ba da kuɗi. A yau abin da talaka ya fi sani game da muradun shi ne allon da ake kafawa a gaban sabon aji ko rijiyar burtsatse. Allon na faɗin wanda ya kawo aikin da ɗan kwangilar da ya yi shi. Ba ya faɗin ko akwai malami a ajin, ko ruwa na fitowa bayan shekara guda.

Akwai alamun cewa lissafi daga ƙasa na yiwuwa. A yaƙin da ake yi da bahaya a fili, ƙauye ne ke fara cewa ya daina, jami'an ƙaramar hukuma su zo su duba, na jiha su sake dubawa, sannan kwamitin ƙasa ya tabbatar. Ta wannan hanya Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar a 2022 cewa dukkan ƙananan hukumominta 27 sun daina, a ƙasar da wani binciken na 2021 ya ce mutum miliyan 48 na yin bahaya a fili. Ana iya jayayya kan ko kowane ƙauye ya ɗore a kan haka, amma aƙalla magana ce da mazaunin ƙauyen zai iya gaskatawa ko ƙaryatawa da idonsa. A wasu jihohin Arewa an sa masu unguwanni da wanzamai rubuta jariran da aka haifa don a bi su da rigakafi, kuma dama su ne ba a yin suna ba tare da saninsu ba. Jama'a ma kan yi nasu binciken. Bayan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, matasan da suka kafa Follow The Money a 2012 sun bi sawun kuɗin da aka yi alƙawarin kashewa a Bagega har aka sake su a farkon 2013. Tsarin Tracka na ƙungiyar BudgIT na yin irin wannan kan ayyukan mazaɓu.

Wani abin da ya kamata ya tayar wa hukumominmu hankali shi ne cewa manyan binciken gida-gida da ke tona gaskiyar alƙaluman ofis, da kuɗin waje aka saba yin su. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da hukumar USAID ke bai wa shirin binciken lafiya da yawan jama'a, wanda ƙasashe da dama, har da Najeriya da Nijar da Ghana, suka dogara da shi shekaru masu yawa. Ƙasar da ba ta sa kuɗin ƙididdiga a kasafinta ba, ranar da mai tallafi ya janye za ta koma dogaro da rajistar da ta ce mata kashi 100 alhali 33 ne.

Ban ce a daina zuwa New York ba. Na ce ne rahoton da ya tsaya a can bai cika aikinsa ba, domin waɗanda ke sauraronsa ba su ne ke shan ruwan ba, ba 'ya'yansu ke zama a ajin ba. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba: takarda ɗaya a shekara, da Hausa ko Kanuri ko Fulfulde ko Zabarmanci, mai ɗauke da ma'aunai goma ko ƙasa da haka, mazaɓa-mazaɓa. Yara nawa aka haifa, nawa aka yi wa rajista da rigakafi, mata nawa suka rasu wajen haihuwa, rijiyoyi nawa ke aiki, malamai nawa ke zuwa, nawa aka karɓa daga asusun tarayya kuma ina aka kashe. A liƙa ta a sakatariya da ƙofar fadar hakimi, a karanta ta a gidan rediyon jiha, hukumar ƙididdigar jiha kuma ta riƙa ɗaukar wasu mazaɓu ba tare da sanarwa ba ta gwada takardar da abin da ke gidaje. Ma'aikacin da ya rubuta ƙaramin adadi na gaskiya a kare shi.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira sai an kawo. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan Najeriya damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ku haɗu da ƙungiyar ci gaban garinku ku rubuta wa ciyaman, ku tambayi kansilanku yara nawa aka yi wa rigakafi a mazaɓarku bara, kuma ku ce ya nuna muku inda aka rubuta.